Kwalba Biyu a Gida Ɗaya

Aikin da na fi daɗewa ina yi a rayuwata shi ne ƙirga ƙwayoyin magani a gidajen mutane. Ban karanta likitanci ba. Lakwal ta firamare kawai na gama a nan Zongo, na karɓi sartifika, Gwaggo ta ce ya isa haka, in zo in taya ta auna atamfa a kasuwa. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Abin da lakwal ta bar mini shi ne Faransanci daidai na karanta takarda da cike ta, sai kuma tsoron kuskure. Har yau idan na rufe ƙofa nakan koma in taɓa kwaɗon sau biyu, wani lokaci sau uku.

A shekarun da aka sake wa mutane baki, jam'iyyu suka yi yawa, kowa yana buɗe jarida ko kamfani, wata mata mai ilimin haɗa magunguna ta dawo daga ƙasar waje. Ta kama ɗaki biyu a saman shagon masu sayar da taya, kusa da mahaɗar Sainte-Rita. 'Yar arewacin ƙasar nan ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Dokta muke ce mata. Tana da wani magani na ciwon gwiwa irin na tsofaffi, wanda ta fitar daga ɓawon wata itaciya. Ta yi shekaru tana aiki a kansa a ɗakin bincike, har hukuma ta ba ta izinin gwada shi a kan mutanen da suka yarda. Kamfanin gaba ɗaya mu huɗu ne: ita, da wani likita da ke zuwa sau biyu a mako, da mai gadi, da ni. Akwai firji ɗaya, da janareto da sai an lallaɓa shi yake tashi. Ƙasa ana dukan taya, sama muna rubutu.

Ta ɗauke ni ne don ina iya shiga ɗakunan matan Zongo, wanda ita ba za ta iya ba. Mijina direban babbar mota ne, yana tafiya arewa ya yi makonni, don haka ina da lokaci. Ranar farko ta zaunar da ni ta bayyana mini yadda gwajin yake. Ƙwayoyin iri biyu ne, kala ɗaya, girma ɗaya, ɗaci ɗaya. Wasu akwai magani a ciki, wasu sitaci ne kawai. Kowace mace za a ba ta kwalba mai lamba, ta sha ɗaya safe ɗaya yamma. Ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbar wa, har ita Dokta. Takardar da ta faɗi haka tana cikin ambulan a rufe, a hannun wani malamin jami'a, sai an gama za a buɗe. Daga nan a kwatanta waɗanda suka sha magani da waɗanda suka sha sitaci. Aikina in bi gida-gida kowace Alhamis, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in tambayi lafiyar gwiwa, in rubuta a kaye, wato littafin aiki, in sa hannu.

"Sa hannunki shi ne kamfanin," in ji ta. "Ni ban ga kowa yana haɗiya ba. Ke ce idona."

Da ta san irin halina da ba ta faɗi haka ba. Maganar ta bi ni gida.

Ni na kai Gwaggo. Ta shekara uku tana salla a kan kujera, abin yana cin ranta fiye da ciwon. Na kuma kai Iya, ita ma gwiwa ta dame ta. Iya ba danginmu ba ce. Daga Nijar aka kawo ta amarya tun kafin a haife ni, mijinta ya rasu, ta ci gaba da zama a ɗakin da ke kallon na Gwaggo, tana tuyar waina a ƙofar gida. Tun da na buɗi ido su biyun a kwano ɗaya suke ci. Goro ɗaya sukan fasa biyu. Dokta ta ɗan yi jim da ta ji gida ɗaya suke, ni kuma na ce babu komai, na san su, na ɗauki nauyinsu. Ni na faɗi wannan da bakina.

Na karanta musu takardar yarda da Hausa, layi-layi, ban tsallake ko ɗaya ba.

"Tsaya, 'yar nan," in ji Iya. "Wato wata a ba ta magani, wata a ba ta kunu a daskare?"

"Haka ne, Iya."

"Ita mai maganin ba ta san wanne ne wanne ba?"

"Ba ta sani ba."

"To wannan wace irin boka ce?"

"Ke dai dangwala, tsohuwar banza," in ji Gwaggo. "Kunu ai kin saba sha, ba haƙori gare ki ba."

Suka dangwala yatsa suna dariya. Na maimaita musu sau uku cewa kowa kwalbarta, ba a ba wa wani, ba a aro. Suka ce sun ji. Gwaggo ta samu lamba sha bakwai, Iya sha takwas.

Ina da ƙaramin faranti na ƙarfe da wuƙar tebur. Nakan zazzage ƙwayoyin a kai, in ja su biyu-biyu, in ƙirga, in sake ƙirgawa daga baya zuwa gaba. A wasu gidajen nakan sha wahala. Wata ta manta kwana biyu, wata jikanta ya zubar, wata ta tafi biki ta bar kwalbar. Amma gidan Gwaggo kullum daidai. Har nakan yi misali da su. A mako na uku Iya ta ce ta yi sujada a ƙasa ta tashi ba tare da ta dafa bango ba. Gwaggo kuwa ta ce tana nan yadda take. Na rubuta. Bayan wasu makonni Iya ta ce sauƙin ya ɗan ja baya, Gwaggo ta ce ita kam kamar ta fara jin dama-dama. Shi ma na rubuta, na sa hannu. Na yi murna ma.

A lokacin kamfani ya fara motsi. Dokta ta ƙara kama ɗaki na uku, ta sayi na'urar juya jini, ta ɗauki wata mai aikin awo. Wani babban kamfani na waje ya ce zai sa hannu a aikin idan takardunmu suka fita da tsabta, kuma zai turo masu dubawa a ƙarshen damina. Kullum maganar da ake yi a biro, wato ofishinmu, ke nan. Dokta ta rame, tana cin biredi a tsaye.

Wata Laraba aka yi ruwa tun asuba har azahar. Wanda ya san Zongo ya san yadda ruwa ke kwanciya a lungunanmu. Na tattare zanina na bi ta cikinsa zuwa gidan Gwaggo don in taya su ɗaga kaya. Ruwan ya shiga ɗakinta har idon sawu. Na durƙusa ina jawo abin da ke ƙarƙashin gado, akwati, buhun gero, tsohon ma'aunin atamfa. Sai hannuna ya taɓa gwangwanin madara, ya yi kacau-kacau. Na buɗe don in ga ko ruwa ya shiga. Ƙwayoyinmu ne, cike da rabin gwangwani. Na ɗaga kai na ga kwalbar Gwaggo a kan taga, babu komai a ciki. Kusa da ita ta Iya, ita ma wayam.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Magani ne. Ba ki gane shi ba? Ke kika kawo shi."

"Na wa?"

"Namu."

Iya tana bakin ƙofa da tsintsiya tana korar ruwa. Ta jingine ta.

"Ni na ce a haɗa," in ji ta. "Kar ki ga laifinta. Ina tashi daga sujada garau, ita tana kan kujera kamar alƙali. Na gane ni na samu na gasken, ita ta samu kunun. Yaya zan yi in haɗiye? A wuya yake tsaya mini. Sai muka juye wuri ɗaya muka girgiza, kowa ta sa hannu ta ɗauki rabonta."

"Tun yaushe?"

"Tun mako na huɗu."

"To ƙirgan da nake yi fa?"

"Ai muna mayar miki daidai. Kowace Laraba da la'asar mukan zauna mu raba, ɗaya nan, ɗaya can. Yau ma da ba don ruwan nan ba da kin tarar an shirya. Mun taɓa ba ki kunya?"

Na zauna a bakin gado, ƙafafuna cikin ruwa. Mako bakwai ina sa hannu a ƙarƙashin abin da ba haka yake ba. Na fara yi musu bayani, cewa idan aka haɗa ba za a san me ya yi aiki ba, amma ni kaina na ji maganar ba ta shiga.

"Ba sata muka yi ba," in ji Gwaggo. "Ba mu sayar ba, ba mu zubar ba. Cikinmu ya shiga. Idan kin faɗa me za a yi?"

"Za a cire ku."

"Ni a cire ni, kujerata tana nan. Ita fa da ta fara samun ƙafa?" Ta nuna Iya da haɓa. "Wannan bayan da kike gani ya sunkuya, ke ya goya duk ranar da na tafi kasuwa. Idan kika kai ƙararmu wurin baƙuwa, to ki san da wane ido za ki shigo gidan nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Gwaggo ba ta taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa maganarta ba ta fita daga kunne.

Washegari Alhamis na koma da farantina, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Kwalaben suna kan tabarma, an cika su. Na ƙirga. Daidai. Na rubuta adadin, na kai bakin alƙalami wurin sa hannu, na kasa. Na rufe kaye na fita.

Kwana huɗu na yi da kayen nan a jakata. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Na ɗora tukunya na manta gishiri, na sa gishiri na manta na sa, na ƙara. Na wanke kayan da na riga na wanke. Ranar Asabar na hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa Sainte-Rita, na tsaya a gaban shagon taya ina kallon tagarmu, sannan na ce wa mai babur ya juya. Ya ce, "Hajiya, yawo kike so in kai ki?" Na ce ya kai ni Placodji. Na sauka inda masunta ke gyaran raga, na yi ta tafiya a bakin ruwa ba tare da ina da abin saya ba, har wata mai kifi ta tambaye ni ko wani nake nema.

Na yi ta juya abin. Mutum biyu ne kawai cikin mata da yawa, me za su ɓata? Ba wanda zai sani. Masu dubawa takarda suke dubawa, ba ƙarƙashin gado ba, kuma takardata ta fi ta kowa kyau. Sai kuma in ga wata tsohuwa a wani gari da ban sani ba, an saya mata maganin nan saboda wata takarda, a ƙasan takardar kuma hannuna ne. Ko kuma maganin yana da kyau, amma takarda ta nuna rabi-rabi, Dokta ta rufe ɗakunanta ta koma inda ta fito. Ban san wanne ne ba, rashin sanin ne ya hana ni sukuni. Idan na gama wannan sai in koma kan Gwaggo. Ba ni da uwa sai ita. Na tuna yadda take tauna mini nama tana sa mini a baki ina ƙarama. A salla ma sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Na kuma tuna abin da ya fi duka ci mini rai: ni na girma a gidan nan. Na san ba a taɓa cin abu a ɓoye a cikinsa ba. Da na tsaya na yi tunani tun farko, da na san kwalba biyu ba za su zauna daban-daban a tsakanin waɗannan mata ba. Na sani, na ce na ɗauki nauyinsu.

Ranar Litinin bayan azahar na hau sama. An ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, Dokta tana durƙushe gaban firji tana jera ƙanƙara a kusa da kwalaben jini. Na ce ina da magana. Ta ce in faɗa tana ji. Na faɗa, ban rage komai ba, har da cewa Gwaggona ce. Ta rufe firjin a hankali ta zauna a ƙasa inda take.

"Yaushe kika gani?"

"Laraba."

"Yau Litinin."

"Na sani, Dokta."

"Kwana biyar. Ina kika kai su?"

Ina jin dukan taya daga ƙasa kamar a kaina ake yi. Sannan ta tambaye ni gida nawa ne muke da mutum biyu a ciki. Na ce uku, ban da namu. Ta ce in ɗauko kaye. Muka sauka muka bi su a ranar, ita da kanta, cikin taɓo. A gida ɗaya ba a taɓa komai ba. A biyu kuwa an haɗa, ɗaya a cikin kwanon sha, ɗaya a ƙullin leda. Ba wadda ta ɓoye mana, don ba wadda ta ga abin ɓoyewa.

A hanyar dawowa ta ce, "Na rubuta dokar gwajin nan a ƙasar da kowa ke ci a farantinsa. Wannan kuskuren nawa ne. Naki shi ne kwana biyar ɗin. Kada ki sake."

Ta rubuta duk abin da ya faru ta aika wa hukuma da masu dubawa tun kafin su zo. An cire mata shida daga lissafin gwajin, aka karɓe kwalabensu. Kamfanin wajen ya ja baya ya ce sai ya gani, aiki ya tsaya wata da watanni. Ɗaki na ukun ma sai da aka mayar wa mai gida. Ni na je karɓo kwalaben gidanmu, don na ce ba zan tura wani ba. Iya ta miƙo mini gwangwanin gaba ɗaya ta ce, "Ungo, likitar Zongo, ki raba da kanki tunda ke kika san wanne ne wanne."

Gwaggo ba ta hana ni shiga gidan ba. Na gaishe ta ta amsa, ta tambayi mijina, ta tambayi hanya. Amma da aka sauke tuwo, suka jawo kwanonsu, ni aka zubo mini a farantin tangaran na baƙi, da cokali a gefe.

"Bismilla, Madam," in ji Gwaggo.

Tun ina shekara huɗu hannuna yake shiga kwanon nan. Na ci da cokali, ban ji ɗanɗanon komai ba. Haka aka ci gaba da yi duk zuwan da na yi. Ban daina zuwa ba, su ma ba su daina fito da farantin ba. Kafin watan azumi Iya ta koma dafa bango, daga baya ta sa aka kawo mata kujera kusa da ta Gwaggo. Ina ganin kujerun nan biyu duk lokacin da na shiga.

Da aka sake fara gwajin, an canja tsari. Mutum ɗaya a gida ɗaya. Ba a barin kwalba a hannun kowa, sai mai kai magani ta je safe da yamma a haɗiye a gabanta. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai Dokta ta ce in nemo mata daga Zongo waɗanda suka yi lakwal. Na nemo, na koya musu, ta sa ni a kansu. Masu dubawa suka zo suka zauna kwana uku suna bin takardu, suka tambaye ni labarin gwangwani da bakina. Daga baya na ji wai shi ya sa suka yarda da sauran. Ban sani ba ko gaskiya ne ko Dokta ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali. Kamfanin wajen ya dawo. Muka tashi daga saman shagon taya muka koma wani gida mai hawa biyu wajen Saint-Michel, da ɗakin awo na gaske, da mutane sanye da fararen riguna waɗanda ban san sunan rabinsu ba. Aka fara maganar gwaji a wasu garuruwa, da wani magani na biyu.

Ranar da aka buɗe ambulan ɗin farko, Dokta ta kira ni biro ta rufe ƙofa. Ta ce ba dole ne in sani ba, amma tana ganin ina so. Ta nuna mini layi biyu da yatsa. Sha bakwai da sha takwas. Dukansu na gaske ne. Ba sitaci ko ɗaya a gwangwanin Gwaggo. Abu ɗaya suka haɗa da abu ɗaya, maganin ne ya karɓi wata bai karɓi wata sosai ba.

"Da na yi shiru ba abin da zai ɓaci ke nan," na ce.

"A gidanku. A sauran biyun ya ɓaci. Kuma ranar ba ki sani ba, ni ma ban sani ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Amma na sauko ina lissafin watannin da Iya ta yi a kan kujera, na ƙirga su daga gaba, na sake ƙirgawa daga baya.

Ban faɗa musu ba, har yau ban faɗa wa kowa a gidan ba. Da aka ba maganin izini, Dokta ta ce duk wadda ta shiga gwajin farko a ba ta, har da shidan da aka cire. Na kai kwalba biyu, yanzu babu lamba a jikinsu, sunan magani ne. Na ajiye ɗaya gaban Gwaggo, ɗaya gaban Iya, na fara cewa ɗaya safe ɗaya yamma. Gwaggo ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani gwangwanin madara, sabo. Ta buɗe kwalbarta ta juye. Ta ɗauki ta Iya ta juye. Ta rufe ta girgiza shi a gabana.

"Sai ki je ki faɗa," in ji ta.

Iya ta yi dariya har tana tari. Ni na kasa dariyar, idona yana kan gwangwanin, ina ta son in ce su rufe shi da kyau saboda danshi. Aka sauke tuwo. Ranar ma a farantin baƙi aka zubo mini, amma ba a kawo cokali ba.